Wai mene ne feftayid ɗin nan da ake ta talla?

Kwanan nan duk inda ka leƙa, TikTok ne ko Instagram ko status ɗin masu kayan gyaran jiki, sai ka ga kwalba an rubuta peptide, wato feftayid, a jikinta, wannan ta ce yana gyara fata wancan ya ce yana gina ƙwanji wata kuma ta ce yana sauke tumbi. Mutane da yawa sun ɗauka sunan wani magani ne guda ɗaya. Toh ba haka ba ne, sunan dangi ne, kuma dangin na da yawa sosai.

Ka ɗauki carbi. Jikinmu yana gina kansa da wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, su ne kamar 'ya'yan carbin. Idan aka jera guda biyu zuwa wajen 50 a zare ɗaya, shi ne feftayid. Idan jerin ya zarce ya koma kamar carbi mai dubu irin na malamai, sai a ce furotin. Yadda aka jera 'ya'yan shi ke sa wannan ya yi aiki kaza wancan ya yi wani daban, shi ya sa in mai talla ya ce maka "akwai feftayid a ciki" bai gaya maka komai ba tukuna, sai ka tambaye shi wanne daga ciki.

Kuma mun daɗe da sanin su, sunan ne kawai baƙo. Insulin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura, 'ya'ya 51 gare shi, a bakin iyakar feftayid da furotin yake. Frederick Banting da Charles Best ne suka fitar da shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, a 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa ya farfaɗo. Ruwan naƙuda da ake sa wa mata a asibiti ma feftayid ne, oksitosin, 'ya'ya 9 kacal, shi ne dai ake yi wa mai jego da zarar ta sauka don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Allah kaɗai ya san matan da ya ceta. Amma wallahi ba abin wasa ba ne, in aka ɗura wa mai naƙuda ba bisa ƙa'ida ba mahaifa na iya fashewa.

Abu biyu game da su. Na farko ciki yana narkar da su kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa yawancinsu allura ne. Na biyu ba sa son zafi, oksitosin da insulin a firji ake ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wannan na damuna gaskiya, ka shiga kemis a watan Afrilu ba wuta tun jiya, a buɗe firjin ka taɓa kwalbar ka ji ta da ɗumi, ruwan yana nan garau amma ƙarfinsa ya ragu kuma ido ba zai gane ba.

Wanda ya tayar da ƙurar nan shi ne Ozempic na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, da Amurka ta amince da shi a 2017 don ciwon suga. Yana kwaikwayon wani feftayid ne da hanji ke saki in ka ci abinci, mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Allura ɗaya a sati, mutum ya rage ci ya rame. Yana aiki da gaske, amma akwai tashin zuciya da amai, kuma da yawa in sun daina ƙibar na dawowa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunsa ya shiga kasuwa.

Sai gulutatayon, 'ya'ya 3, wanda jiki da kansa ke haɗawa, shi ne yanzu ake ɗura wa 'yan mata a jijiya wai don su yi fari, musamman amare ana saura sati biyu biki. Babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan haka, hukumar magunguna ta Filifin ma ta ja kunne a kansa saboda hanta da ƙoda. 'Yan jim masu ɗaga ƙarfe kuma wani feftayid mai suna BPC-157 suke nema, wanda yawancin gwajinsa a kan ɓeraye aka yi, hukumar hana shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta shi tun 2022.

Garin kolajin da ake damawa a shayi, wato furotin ɗin fata da aka farfasa ya koma feftayid, shi da sauƙi, daga fatar shanu ko ta kifi ake yinsa, wasu kuma daga alade don haka a duba kwalin da kyau. Ciki ne zai farfasa shi kamar yadda zai yi wa ganda ko farfesun ƙafar saniya.