Suna kwana 7, arba'in kwana 40, doka kwana 60

Ranar sunan ɗan ƙanwata a nan Tawa, tun kafin hantsi kowa ya san aikinsa. Wani ya ɗauko tabarmi, wani ya sayo goro da dabino, wanzami ya zo da zabirarsa, liman ya raɗa suna aka shafa fatiha. Uban yaron yana Abijan wajen bida, amma ta waya ya bi lissafin komai, har kuɗin rago. Aiki guda ne ba a ɗora wa kowa ba, shi ne takardar haihuwa. Shekaru suka shuɗe, yaro ya kai ajin jarrabawa, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya aiko a kawo takarda. Ƙanwata ta buɗe akwati ta fiddo wani ɗan littafi da ya sha ninki, ta ce, "Yaya, ba wannan ba ce?" Karnen awo ne, wato littafin awo da rigakafi na likita. Ta adana shi tsakani da Allah, tana zaton shi ne shaidar ɗanta wajen gwamnati. Har yau abin yana yi mini ciwo, don ni ne babba, ni na tsaya kan rabon nama ranar, kuma ban tambaya ba.

Dokar da ta tsara wannan sha'ani a Nijar ita ce mai lamba 2019-29, ta ranar 1 ga Yuli 2019, wadda ta maye gurbin ta shekarar 2007. Ita ce dokar abin da ma'aikata ke kira eta sibil, wato rajistar manyan al'amuran rayuwar mutum: haihuwa, aure, rabuwar aure da mutuwa. Gundarinta ga talaka bai da wuyar riƙewa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, kana da kwana 60 daga ranar don ka sanar da hukuma, kuma sanarwar kyauta ce. Idan kwana 60 suka wuce, ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, ba ya da ikon rubuta maka da kansa, sai alƙali ya yi hukunci.

Kwana 60 ba kaɗan ba ne, kuma sun zauna daidai da yadda muke tafiyar da al'amuranmu. A da mutane kan ce, ta yaya za a rubuta yaron da ba a raɗa wa suna ba? Gaskiya ce, ba mai son a rubuta jariri kafin ranar bakwai, kuma doka ba ta ce a yi haka ba. A yi suna, a ci nama, baƙi su watse, saura kwana 53. Ko da an jira mai jego ta gama wanka ta yi arba'in, akwai sauran kwana 20. Matsalar tana wani wuri: ita mai jego tana ɗaki, uban kuma a ƙasar Adar sau da yawa yana Kodebuwa ko Libiya ko Najeriya, sai kowa ya ce a bari maigida ya dawo. Maigida kuwa sai gab da damina, wani sai bayan shekara biyu. Alhali doka ba ta ce dole sai uba ba. Uwa tana iya sanarwa, ɗan'uwa na kusa yana iyawa, wanda aka haihu a gabansa ma haka. Kawu ko baffan da ya tsaya aka yanka rago ya isa ya tsaya a rubuta suna.

Ina ake zuwa? Babbar cibiya ita ce meri, ma'aikatar magajin gari. Birnin Tawa yana da gundumomi 2, Yamai tana da 5, kowace da ofishinta na eta sibil. Ko da aka rusa majalisun gundumomi a watan Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, wannan ofis bai daina aiki ba. Ban da meri, akwai wuraren karɓar sanarwa da aka kusanto da su ga jama'a, a gidajen likita da ɗakunan haihuwa, da kuma ƙauyuka da rugage wajen hakimai. Ana sanarwa ne a inda abin ya faru. Wannan yana da muhimmanci gare mu, saboda al'adar haihuwar fari a gidan iyaye: matar da ke aure a Tawa amma ta tafi Keita ko Illela ko Buza ta haihu a ɗakin uwarta, takardar ɗanta can take, ba nan ba. Wanda kuma aka haifa a ƙasar waje, ofishin jakadancin Nijar na can shi ne ƙofarsa.

Nan ne mutane da dama ke tuntuɓe, ko waɗanda suka yi niyya mai kyau. Sanarwa daban, takardar haihuwa daban. Abin da ungozoma ko ma'aikacin likita ya rubuta, aikawa ake yi meri, a can a shigar da shi babban littafi, jami'i ya sa hannu ya buga hatimi, sannan ya zama takardar haihuwa. Sai ka koma ka karɓa. Akwai takardu jibge a ofisoshi waɗanda masu su ba su taɓa zuwa nema ba, wasu iyayen ma suna can suna shirin zuwa kotu alhali takardar ɗansu tana kwance tana jiransu. Don haka kafin ka ce ɗanka ba ya da takarda, in dai a likita aka haife shi, fara zuwa merin wurin ka ba da ranar haihuwa da sunan uwa a duba.

In an miƙo maka takardar, kada ka ninke ta ka sa aljihu sai an karanta maka ita baƙi bayan baƙi. Sunayenmu da rubutun Faransanci suna da fuska da yawa. Mahamadou, Mamadou, Mohamed da Mamane a bakinmu duk sunan Ma'aiki ne, amma a takarda mutum huɗu ne. Idan sunan uba a takardar ɗa ya saɓa da wanda ke kan katin uban, ranar neman takardar zama ɗan ƙasa za a ga saɓanin, gyaransa kuwa sai an bi ta hannun shari'a. Sannan a ba da sunan yanka. Uwa tana alkunyar ɗan fari ba ta faɗin sunansa, kaka tana kiransa Maigida ko Angona, unguwa ta san shi da Tanko, duk wannan ado ne na gida kuma ba mai son ya ɓace. Amma wanda za a aika meri ya tafi da sunan da liman ya raɗa, da katin uba da na uwa a hannu, a kwafa daga jikinsu.

Wasu dattawa suna ganin duk wannan aikin Nasara ne, ba ruwan Musulmi da shi. Ina girmama su, amma ban yarda ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. In an ce a rubuta bashin hatsi don gudun mantuwa da gardama, ina ga nasabar ɗa, wadda addini ya sa cikin abubuwan da ake tsarewa? Kuma duk mai burin sauke farali ya sani ba a hawa jirgin Makka sai da fasfo, fasfo ba ya samuwa sai da takardar zama ɗan ƙasa, ita kuma kotu ba ta ba da ita sai ta ga takardar haihuwa. Igiya ɗaya ce tun daga ɗakin jego har filin jirgin Diori Hamani. Katin ɗan ƙasa a komsariya, wato ofishin ƴan sanda, jarrabawar BEPC da ta BAC, shiga aikin gwamnati, duk a jikinta suke rataye.

Aure ma haka. Fatihar da aka shafa a masallaci ko ƙofar gida, da waliyyai da shaidu da sadaki, ta ƙulla aure, ba wanda ya ce a sake ɗaura shi. Abin da doka ke nema shi ne a kai labarinsa meri cikin kwana 60, tare da shaidu, a ba ku takardar aure da littafin iyali inda za a riƙa rubuta ƴaƴa. Amfanin wannan takarda ba ya bayyana lokacin da ake guɗa. Yana bayyana ne ranar da mijin ma'aikaci ya rasu, matarsa ta je neman fansho a baitulmali ko a CNSS, asusun kula da ma'aikata, aka ce ta nuna shaidar ita matarsa ce. Mai mata biyu ko uku, kowane aure da takardarsa, kada a rubuta uwargida a bar amarya. In kuma zama ya ƙi har aka rabu, saki ma ana kai shi gaban alƙali a tabbatar a rubuta.

Mutuwa ce ta fi damuna, domin a nan ne wa'adin ya fi saurin kuɓucewa. Muna gaggauta jana'iza kamar yadda sunna ta koyar, wanda ya rasu da safe kafin azahar an kai shi makwancinsa. Sai zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Ba mai ƙarfin zuciyar ya ambaci takarda a waɗannan kwanaki, kada a ce idonsa na kan gado. Wadda kuma ta fi kowa bukatar takardar, matar mamacin, tana takaba, wata huɗu da kwana goma, wajen kwana 130 ke nan. Ranar da za ta fita, wa'adin doka ya wuce da fiye da wata biyu. Lissafin a fili yake: idan ƴan'uwan miji ko nata ba su je sun sanar ba, ba yadda za a yi ta cimma kwana 60. Kuma ba tare da takardar mutuwa ba, ba a yin takardar taron dangi da kotu ke tabbatarwa don naɗa wakilin magada, banki ba ya sakin kuɗi, fili ba ya komawa sunan marayu. Wanda ya tashi a kwana na huɗu ko na takwas ya tafi meri da katin mamaci ba kwaɗayi ya nuna ba, marayu ya yi wa aiki. In a likita aka rasu, a karɓi shaidar likita tun ranar, a haɗa da ita.

To, wanda wa'adi ya riga ya wuce masa fa, kamar mu? Ƙofa ba ta rufe ba, hanya ce ta ƙara tsawo. Ana zuwa kotun yankin da aka yi haihuwar ko rasuwar, da shaidun da suka san zancen, kowa da katinsa, alƙali ya saurara ya yi hukuncin da muke kira jijiman. Wannan akwai kuɗin tambur da na zirga-zirga, akwai kuma jira. Dattawanmu da yawa da irinsa suke, shi ya sa za ka ga takardar tsoho an rubuta an haife shi "wajen" shekara kaza, ba rana ba wata. Lokaci-lokaci kuma alƙalai kan fita ƙauyuka da makarantu su yi zaman tafi-da-gidanka, su yi wa ɗaruruwan yara jijiman a wuri guda. In ka ji sanarwar irin wannan a rediyo ko bakin hakimi, ka bar abin da kake yi ka kai yaranka. Abin da za a kiyaye shi ne a faɗi shekarun gaskiya. Rage wa yaro shekara don lakwal yana zama saɓani tsakanin takardu, kuma ƙarya ce aka sa shaidu suka yi a gaban alƙali.

Jijiman ɗin ma ba shi ne ƙarshe ba, sai an mayar da shi meri an shigar cikin littafi. Mu sai da muka nemo tsohuwar da ta karɓi haihuwar da wani maƙwabci da ya halarci suna, muka yi sawu uku kafin a gama, ana saura ƴan kwanaki a rufe karɓar takardun jarrabawa. Da na karɓo, na yi kwafi aka buga musu hatimi a meri, na ba mushe ɗaya, na aika wa uban hotonta ta WhatsApp. Ta asalin kuwa ƙanwata ta sa ta cikin leda, ta ajiye a akwatin nan, kusa da karnen awo.