Alkemila (mayafin uwargida)

Alkemila wani tsiro ne na ƙasashen sanyi, ɗan dangi ɗaya da tuffa, wanda masana ke kira Alchemilla vulgaris tun da masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta sunan a 1753. Ba ya wuce gwiwar mutum. Ganyensa zagayayye ne mai ninki-ninki kamar mafici, bakinsa da ƙananan haƙora, furensa kuma ƙanana ne, ruwan ɗorawa mai sirkin kore. Turawa sun ga kamar mayafi ne aka yi wa ninki, suka jingina shi ga Nana Maryamu. Larabawa suna ce masa rijlul asad, wato ƙafar zaki.

Da sassafe akan ga ɗigon ruwa zaune a tsakiyar ganyen yana ƙyalli. Ba duka ne raɓa ba, tsiron da kansa yake fitar da wani ta bakin ganye. Masu alkimiya na dā sun riƙa tara shi wai don su mayar da ƙarfe zinariya, daga nan sunan ya samo asali.

Zafin Garwa, Marwa ko Njamena ba ya barinsa ya rayu, don haka a nan busasshe ake ganinsa, cikin fakiti mai rubutun Faransanci, alchémille. Amma yana da 'yan'uwa a Afirka: a tsaunukan Habasha, Dutsen Kenya, Kilimanjaro, har da ƙolin Dutsen Oku na Kamaru mai tsayin mita 3,011.

Ƙarfinsa a bauri yake. Busasshen ganyen na ɗauke da sinadarin tanin, kashi 6 cikin ɗari ko fiye, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Wanda ya taɓa kurɓar jiƙon bagaruwa ya san yadda baki ke ɗaurewa. Haka tanin ke tsuke fatar hanji. Shi ya sa hukumar tantance magungunan tsirrai ta Jamus ta amince da shi don gudawa marar tsanani, giram 5 zuwa 10 a yini, a zuba masa tafasasshen ruwa a sha kamar shayi. Ana kuma kurkure baki da shi, a wanke ƙananan raunuka.

Sunan da ya yi dai a wajen mata ne. Ɗaruruwan shekaru matan Turai ke shansa saboda ciwon mara da yawan jinin haila. Sai dai hujjar nan ta gado ce, gwajin asibiti bai kai ga tabbatar da ita ba, ko da masu talla sun cika baki.

Ba a ba mai ciki shawarar shansa. Tanin yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, abin lura ga macen da jini ya riga ya yi wa ƙaranci. Gudawar yaro, ko wadda ta zo da amai ko jini, musamman da damina lokacin kwalara, ruwan gishiri da sukari take so da gaggawar zuwa asibiti.