Gajarcewar Kakar Yawon Buɗe Ido a Gambiya

Gajarcewar kakar yawon buɗe ido ita ce raguwar watannin da baƙi suka saba zuwa wani wuri hutu, ko don kakar ta makara wajen farawa, ko don wani abu ya katse ta tana tsaka da tafiya. Gambiya na cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da suka fi ɗanɗana wannan matsala, domin ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikinta ya dogara ne da baƙin hutu.

Harkar ta samo asali ne a 1965, lokacin da aka fara kawo ayarin 'yan Suwidin masu gudun sanyin ƙasarsu. Har yau tsarin bai sauya sosai ba. Baƙi daga Ingila, Holan, Jamus da ƙasashen arewacin Turai kan fara sauka wajen Oktoba ko Nuwamba, su ɗauke ƙafa a ƙarshen Afrilu. Mafi yawansu a bakin teku suke zama, a Kololi, Kotu, Bakau da Bijilo. Da damina ta faɗi, otal-otal da dama kan rufe ko su rage ma'aikata. Ke nan ko a shekarar da komai ya tafi daidai, cinikin wata shida ne yake ciyar da gida wata goma sha biyu.

Sau da yawa ko wata shidan ba ta cika. Bayan juyin mulkin Yahya Jammeh na 1994, Birtaniya ta gargaɗi 'yan ƙasarta da su guji zuwa, kakar ta rushe. A 2014 cutar Ebola ta ɓarke a Gini, Laberiya da Saliyo. Ba a samu ko mutum ɗaya da ita a Gambiya ba, amma tsoro ya sa kuɗin shigar kakar ya ragu da fiye da rabi. A Janairun 2017, da Jammeh ya ƙi miƙa mulki ga Adama Barrow, wanda ya ci zaɓe, har ya ayyana dokar ta-ɓaci, kamfanin shirya tafiye-tafiyen hutu na Birtaniya, Thomas Cook, ya turo jirage ya kwashe baƙinsa ana tsakiyar kaka. Shi kansa kamfanin ya durƙushe ranar 23 ga Satumban 2019, saura 'yan makonni a fara karɓar baƙi, alhali shi ne ke kawo kaso mai tsoka daga cikinsu. Kafin a farfaɗo sai annobar korona ta sa aka rufe iyakoki a Maris na 2020.

Abin da ya sa asarar ke da zafi shi ne irin hajar. Manomin gyaɗa na iya ajiye buhunsa sai kasuwa ta yi kyau. Mai masauki kuwa, ɗakin da ya kwana babu kowa a daren Janairu ya tafi ke nan, ba a sayar da shi a Yuni. Kuɗin haya, lasisi da bashin da aka ci don gyaran rumfa ko mota kafin kaka, duk suna nan ba sa raguwa don baƙi sun tafi da wuri.

Nauyin kuma gangarowa yake yi zuwa kan mafi rauni. Babban otal na iya sallamar masu shara, masu girki da masu wanki, waɗanda da yawansu dama aikin kaka aka ɗauke su, ya jira baɗi. Ƙananan 'yan kasuwa ba su da wanda za su sallama sai kansu. Matan da ke sayar da 'ya'yan itatuwa da matsa lemo a bakin teku, masu sassaƙa da masu rini a kasuwannin kayan hannu, direbobin korayen motocin haya na baƙi, 'yan jagorar kallon tsuntsaye da ke tsayuwa a gadar Kotu, kowannensu jarinsa na cikin kayan da ya tanada tun kafin jirgin farko ya sauka. Masassaƙin da ya shafe damina yana tara kaya, 'yan gida ba za su saye su a farashin da ya sa rai ba. Daga nan abin ya wuce ga waɗanda ba su taɓa yin magana da baƙo ba: masuntan Tanji da matan lambu masu kai wa otal kifi da kayan miya, da dangin ƙauye masu jiran aike. Zubin adashi, wanda a can ake kira osusu, shi ma kan tsaya idan masu zubi da yawa suka rasa ciniki lokaci guda. Ƙididdigar baƙin da suka sauka a filin jirgin Banjul ba ta nuna waɗannan mutane, kuma babban gibi ne, domin da wuya tallafi ya kai ga wanda ba a ƙirga ba.

Hukumomin ƙasar sun daɗe suna neman tsawaita kakar ta hanyar tallata damina a matsayin lokacin da ƙasa ke yin kore shar, da jawo taruka da baƙi daga maƙwabta kamar Senegal da Najeriya, waɗanda zuwansu bai rataya a kan sanyin Turai ba. Har yanzu dai yawancin jiragen da kamfanonin hutu ke ɗauka haya na tsayawa ne da zarar Afrilu ya ƙare.