Harshen Tilung

Tilung harshe ne na wata ƙaramar al'umma daga cikin jama'ar Rai da ke gabashin ƙasar Nepal, kuma yana cikin harsunan da suke gab da ɓacewa. Ɗan rukunin Kiranti ne, reshen babban iyalin harsunan Sin da Tibet, inda yake tare da Limbu da Bantawa da Sunuwar. Lambarsa a ISO 639-3, tsarin duniya na ba harsuna lambobi, ita ce tij.

Cibiyar masu harshen tana yankin Chyasmitar na gundumar Khotang a lardin Koshi, kan tuddan Halesi da ke kallon kogin Sunkoshi. A wannan gunduma ce kogon Halesi yake, wurin ibada da mabiya Hindu da na Buddha da na addinin gargajiya na Kirat duk suke ziyarta.

Inda Tilung ya fi jan hankalin masana shi ne matsayinsa cikin danginsa. Masu jin harshen Wambule suna zaune daf da su ta arewa, amma ba su fahimtar juna. Jean Robert Opgenort, wanda ya wallafa nazari a kansa a 2011, ya nuna cewa harshen yana tsaye ne da ƙafarsa, tsakanin na yamma irin su Thulung da Khaling da Dumi, da kuma Kulung da Chamling da Bantawa a ɗaya ɓangaren. Saboda haka asararsa ba ta karin harshe ɗaya ba ce da za a iya cike gurbinsa da na maƙwabta.

Harsunan Kiranti sun shahara da sarƙaƙƙiyar aikatau. Kalma ɗaya kan nuna mai aikatawa da wanda aka aikata wa, ta kuma bambanta mutum ɗaya da biyu da masu yawa.

Ƙidayar 2001 ta samu mutum 310 da suka ce Tilung ne harshen uwarsu, ta 2011 kuwa ta kawo 1,424. Wannan ƙaruwa tana buƙatar taka-tsantsan, domin mai ƙidaya abin da aka faɗa masa yake rubutawa, ba ya gwada ƙwarewa. Nepali ne ya mamaye makaranta da kasuwa da ofis, shi ne kuma yara suke tashi da shi. Kundin tsarin mulkin 2015 ya amince da duk harsunan uwa na ƙasar a matsayin harsunan ƙasa, sai dai Nepali ya bar wa aikin gwamnatin tarayya.