Mece ce ƙauna a wurin Kirista?

Duk wanda ya taɓa zama cikin sujadar Hausa, a ikilisiyoyin ECWA ko COCIN ko EYN, ko a majami'un Maraɗi da Galmi a Nijar, ya san da wuya a tashi ba a ambaci ƙauna ba. Tana cikin waƙa, tana cikin wa'azi, har fasto kan buɗe jawabinsa da "ƙaunatattu cikin Ubangiji". Sai dai abin da ake nufi a nan ya bambanta da soyayyar saurayi da budurwa. So yakan faɗo wa mutum bai shirya ba, wata rana kuma ya tafi. Ƙaunar da Sabon Alkawari ke magana a kai, wadda ake kira agape da Helenanci, umarni ce da ake bayarwa, aiki ne da ake yi ko zuciya ta so ko ba ta so ba.

Tushenta a wurin Kirista Allah ne. Wasiƙar Yohanna ta fari ta ce Allah ƙauna ne, kuma shi ya fara ƙaunar mutane. Hujjar da suke kafawa ita ce mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye. Da aka tambayi Yesu doka mafi girma, sai ya haɗa biyu daga Attaura: ka ƙaunaci Allah da dukan zuciyarka, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka.

To wane ne maƙwabci? Wani masanin Attaura ya yi wannan tambayar, a Luka sura 10, yana neman a yanka masa iyaka. Yesu ya ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka yi wa dukan kawo wuƙa a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Firist ya gan shi ya ratse, Balawi, mai hidima a Haikali, shi ma haka. Wanda ya tsaya Basamariye ne, daga mutanen da Yahudawa ba sa ga maciji da su. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya ba mai masaukin dinari biyu, kuɗin aikin kwana biyu ke nan, ya ce in an kashe fiye da haka zai biya idan ya dawo. Abin da labarin ya fi tsayawa a kai shi ne abin da ya fita daga hannun mutumin da aljihunsa.

Sura 13 ta wasiƙar Korintiyawa ta fari ita ce aka fi karantawa a ɗaurin aure, amma Manzo Bulus bai rubuta ta don amarya da ango ba. Ikilisiyar Korinti ta rabu ƙungiya-ƙungiya, 'yan'uwa suna kai juna kotu, masu hali suna cinye abinci a Jibin Ubangiji, wato cin abincin tunawa da mutuwar Yesu, kafin talakawa su iso. Waɗannan ne ya gaya wa cewa ƙauna tana da haƙuri, ba ta kishi, ba ta fahariya, ba ta riƙo.

A rayuwar yau da kullum, inda na fi ganinta shi ne wajen Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya. Idan aka yi rasuwa, kafin dattawa su gama shawara sun riga sun iso da anko ɗinsu, wata da kwanon masara, wata da itace, wata da jarkar ruwa. Su ɗora tukunya, su share tsakar gida, su zauna da gwauruwar suna waƙa da bugun tulu har dare. Haka suke yi a haihuwa da jinya a asibiti.

Akwai inda ake karkatar da kalmar, kuma ya kamata a faɗa. Matar da mijinta ke jibga akan ce mata ta yi shiru, ai ƙauna tana jure kome. Ko ma'aji ya ci kuɗin baikon da aka tara a sujada, a ce a rufa asiri don ƙauna. Waccan sura ta 13 ta Korintiyawa dai ita ce ta ce ƙauna ba ta murna da mugunta, da gaskiya take murna. A ganina rufe zalunci da sunanta tsoro ne kawai.

Mafi wuya ita ce umarnin da ke Matiyu sura 5, cewa a ƙaunaci magabta, a yi wa masu tsanantawa addu'a. A Arewa wannan ba zancen takarda ba ne. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a tashin hankalin da ya biyo bayan rikicin Zangon Kataf a 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna. Wuye da kansa ya sha faɗa cewa ya daɗe suna aiki tare yana ɗauke da ƙiyayya a ciki, kafin wani fasto ya gaya masa ba zai iya yi wa wanda ya tsana wa'azi ba. Daga baya su biyun suka shiga tsakani a Yelwan Shendam ta jihar Filato bayan kashe-kashen 2004, har aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya.