Waiwaye: Zaɓen Isra'ila, lissafin kujera 61 da sulhun da ke ta leƙowa yana komawa

Duk lokacin da aka ce zaɓe ya matso a Isra'ila sai ka ga an dawo da tsohuwar tambayar nan, wai in wane ya ci za a samu zaman lafiya a Gabas ta Tsakiya, in wane ya faɗi Falasɗinawa za su sarara. A yi ta musu kan Netanyahu zai dawo ko ba zai dawo ba, kamar shi kaɗai ne maganar. Toh ni dai a nawa ganin ba nan gizo ke saƙar ba, kuma tarihin zaɓukan ƙasar tun daga 1977 ya isa shaida.

Sai an fara gane yadda suke zaɓen tukuna. Majalisarsu da ake kira Knesset kujeru 120 gare ta, jam'iyya ake kaɗa wa ƙuri'a, ƙasar gaba ɗaya mazaɓa ɗaya ce, sai a raba kujeru gwargwadon kason da kowace jam'iyya ta samu. Mai son kafa gwamnati sai ya haɗa 61. Tun da aka kafa ƙasar a 1948 babu jam'iyyar da ta taɓa cin 61 ɗin nan ita kaɗai a akwati, kenan kowane firaminista sai ya je roƙon ƙananan jam'iyyu, ya ba wannan ma'aikata ya ba wancan kuɗin makarantun addini, ita kuma jam'iyya mai kujera biyar ko shida ranar da ta ga dama ta janye gwamnati ta kife. Ku riƙe wannan, dan kusan duk labarin a kansa yake tafiya.

A watan Mayun 1977 Menachem Begin na jam'iyyar Likud ya kayar da 'yan jam'iyyar Leba masu sassauci da suka yi kusan shekara talatin suna mulki. Begin fa mutum ne mai ra'ayin riƙau, tsohon shugaban ƙungiyar Irgun mai ɗauke da makamai, dan haka da yawa suka ce shikenan an rufe babin sulhu. Wata shida bayan nan sai ga Anwar Sadat na Masar ya sauka a Isra'ila yana jawabi a gaban Knesset. Aka je taron Camp David a Amurka a 1978 ƙarƙashin shugaban Amurka Jimmy Carter, aka sa hannu a yarjejeniya a Maris 1979, Isra'ila ta mayar wa Masar yankin Sinai, a 1982 sojojinta da kansu suka kwashe Yahudawan garin Yamit da ke Sinai da ƙarfin tsiya, kuma ministan tsaron da aka yi aikin a hannunsa Ariel Sharon ne. Abun da ya sa Begin ya iya yi shi ne 'yan adawarsa masu sassauci ba za su ƙi sulhu ba, su suka taimaka masa da ƙuri'a a majalisa lokacin da wasu 'yan gidansa suka bijire. Amma a lura, Sinai ya bayar. Yammacin Kogin Jordan kuwa ko da wasa bai yi niyyar saki ba, a zamaninsa ma aka ƙara kaimi wajen gina matsugunan 'yan kama-wuri-zauna. Sadat ya biya da ransa a Oktoban 1981, Masar kuma aka dakatar da ita daga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa na tsawon shekaru.

Zaɓen da za a ce da gaske ya buɗe ƙofa ga Falasɗinawa shi ne na 1992. Yitzhak Rabin na Leba ya samu kujeru 44, jam'iyyar Meretz 12, ya jawo Shas ta masu addini mai kujeru 6. Daga nan aka samu yarjejeniyar Oslo a Satumban 1993, hoton nan da kowa ya sani na Rabin da Yasir Arafat suna musabaha a Fadar White House, Bill Clinton a tsakiya, sai sulhu da Jordan a 1994. Sai dai ko a lokacin gwamnatin da ƙyar take tsaye, Shas ta fice, Rabin ya koma dogaro da 'yan majalisa biyar na jam'iyyun da Larabawa ke zaɓa waɗanda ke mara masa baya daga waje ba tare da ko kujerar minista ɗaya ba. Kashi na biyu na Oslo a 1995 da ƙuri'a 61 da 59 ya tsallake. Masu adawa suka yi ta yayata cewa ba shi da rinjayen Yahudawa, ana zanga-zanga ana kiransa maci amana. A wannan ƙadamin ne wani matashi ya fito a talabijin riƙe da tambarin da aka ɓalle daga motar Rabin, yana cewa yadda suka kai ga motar haka za su kai gare shi, sunan matashin Itamar Ben-Gvir. Ranar 4 ga Nuwamban 1995, bayan wani gangamin goyon bayan zaman lafiya a Tel Aviv, wani ɗalibin lauya Bayahude mai suna Yigal Amir ya bindige Rabin yana hanyar shiga mota.

Abun da ya biyo baya a 1996 shi ne ya fi cancanta a tsaya a kai, sabida a nan ne za ka ga yadda masu bindiga na ɓangarorin biyu ke kaɗa ƙuri'a ba tare da sun je rumfa ba. Shimon Peres ya gaji Rabin da tazara mai yawa a ƙuri'un jin ra'ayi, kowa na ganin ya gama ci. A Janairu jami'an leƙen asirin Isra'ila suka kashe Yahya Ayyash, mai haɗa wa Hamas bama-bamai, da wayar salula da aka dasa wa bam. Hamas ta rama da hare-haren ƙunar baƙin wake a cikin motocin bas da kan titi a Fabrairu da Maris, mutane da dama suka mutu a Ƙudus da Tel Aviv, tazarar Peres ta narke. Shi kuma dan ya nuna shi ba ragon maza ba ne sai ya ƙaddamar da farmaki a Labanon a Afrilu, inda aka yi luguden wuta kan wani sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙauyen Qana, fararen hula sama da 100 da suka fake a wurin suka mutu. Larabawan Isra'ila suka fusata, dubbai suka jefa farar takarda a akwati. A wannan karon kai tsaye aka zaɓi firaminista, daren zaɓe hasashen gidajen talabijin ya nuna Peres a gaba, mutane suka kwanta da Peres suka wayi gari da Benjamin Netanyahu, bambancin bai kai ƙuri'a 30,000 ba. Ta leƙo ta koma kenan.

Shi kansa Netanyahu da Amurka ta matsa masa ya sa hannu kan yarjejeniyar Hebron a 1997 da ta Wye River a 1998, sai abokan haɗakarsa masu ra'ayin riƙau suka juya masa baya gwamnatin ta faɗi. Ina jin darasin da ya ɗauka daga nan bai taɓa mantawa ba. Ehud Barak na Leba ya kayar da shi a 1999, ya janye soja daga kudancin Labanon a Mayun 2000, amma kafin ya hau jirgin zuwa Camp David a Yuli jam'iyyu uku sun riga sun fice daga gwamnatinsa, wato ya je zai tattauna makomar Ƙudus da 'yan gudun hijira ba shi da rinjaye a gida. Taron ya watse, har yau kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya laifi. Sharon, wanda a lokacin shi ne shugaban Likud, ya shiga harabar Masallacin Al-Aƙsa da tarin 'yan sanda a ƙarshen Satumba, boren Intifada na biyu ya ɓarke, a Fabrairun 2001 Sharon ya yi wa Barak mummunan kaye. Tun daga wannan lokaci Leba ba ta sake fitar da firaminista ba.

A 2002 ƙasashen Larabawa a taron Beirut suka amince da tayin Saudiyya, Isra'ila ta janye zuwa iyakokinta na kafin yaƙin 1967 a kafa ƙasar Falasɗinu su kuma su ƙulla hulɗa da Isra'ila gaba ɗayansu. Babu gwamnatin Isra'ila da ta karɓe shi. Sharon nasa ya yi shi kaɗai, a 2005 ya kwashe matsugunai 21 da mutum kusan 8,000 daga Zirin Gaza ba tare da yarjejeniya da kowa ba, Likud ta dare, ya fita ya kafa jam'iyyar Kadima, sai shanyewar jiki ta kwantar da shi a Janairun 2006. A watan ne kuma Falasɗinawa suka yi nasu zaɓen Hamas ta lashe kujeru 74 cikin 132, Amurka da Turai suka ƙi hulɗa da gwamnatin, rikici da Fatah, jam'iyyar shugaban Falasɗinawa Mahmud Abbas, ya kai ga Hamas ta ƙwace Gaza a 2007. Wannan ɓangaren ana yawan tsallake shi, gaskiya kuwa bai kamata ba: Mahmud Abbas tun 2005 aka zaɓe shi, wa'adin shekara huɗu, har yau ba a sake zaɓen shugaba ba, na majalisa da aka sa a 2021 ma ɗage shi aka yi. Wanda zai sa hannu a madadin Falasɗinawa shi ma da tambaya a kansa.

Ehud Olmert da ya gaji Sharon ya yi nisa a tattaunawa da Abbas bayan taron Annapolis na 2007, har da maganar taswira, sai zargin cin hanci ya ci kujerarsa. A 2009 Tzipi Livni ta Kadima ta samu kujeru 28 Likud 27, ita ce ta zo ta ɗaya, amma Netanyahu ne ya iya haɗa 61. Ya ambaci ƙasar Falasɗinu marar soja a jawabinsa na Jami'ar Bar-Ilan a shekarar, tattaunawar da sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin John Kerry ya jagoranta ta rushe a 2014, ana jajibirin zaɓen 2015 kuma ya ce ba za a kafa ƙasar ba muddin yana kan mulki. Daga nan maganar Falasɗinu ta kusa ɓacewa daga kamfe. Zaɓe biyar aka yi tsakanin 2019 da 2022 kuma duk kan mutum ɗaya ake faɗan, a zauna da Netanyahu da shari'ar cin hancinsa ko kar a zauna. A tsakiyar haka aka ƙulla yarjejeniyar Abraham a 2020 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain, Maroko da Sudan suka biyo, abun da ya ba shi damar cewa kun gani ana iya sulhu da Larabawa ba tare da an ba Falasɗinawa komai ba. Gwamnatin Naftali Bennett da Yair Lapid ta 2021 ta kafa tarihi da shigo da jam'iyyar Larabawa ta Ra'am ta Mansur Abbas mai kujeru 4, amma sharaɗin zamanta shi ne kar a taɓa batun sulhu, kuma shekara ɗaya da 'yan kai ta yi.

Zaɓen Nuwamban 2022 shi ma lissafi ne ya yanke shi. Doka ta ce sai jam'iyya ta samu kashi 3.25 cikin ɗari kafin ta shiga majalisa, Meretz ta gaza da ɗan kaɗan, Balad ta Larabawa ita ma haka, ƙuri'unsu suka tafi a banza, ɓangaren Netanyahu ya tashi da kujeru 64 duk da cewa a yawan ƙuri'a tazarar ba wani abu ba ce. Goma sha huɗu daga ciki na ƙawancen Bezalel Smotrich da Ben-Gvir ne, Smotrich ya zama ministan kuɗi mai iko kan harkar matsugunai, Ben-Gvir kuma ministan tsaron cikin gida mai kula da 'yan sanda. Sai harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, aka kashe mutum kusan 1,200 aka yi garkuwa da kusan 250, sai yaƙin Gaza da ya lanƙwame rayukan Falasɗinawa dubun dubata ya mayar da zirin kufai, ya kuma ja Labanon da Yemen da Iran ciki. Duk lokacin da aka zo maganar tsagaita wuta mutanen nan biyu sai su ce za su rusa gwamnati. A Yulin 2024 Knesset ta zartar da ƙudurin ƙin amincewa da ƙasar Falasɗinu da ƙuri'a 68 da 9, kuma ba 'yan gwamnati kaɗai suka goyi baya ba, har da wasu 'yan adawa. Wannan ne ya sa nake cewa wanda ke jiran faɗuwar Netanyahu ta kawo ƙasa biyu ya sake lissafi, Bennett da ake yawan ambata a matsayin mai iya maye gurbinsa tsohon babban daraktan majalisar 'yan kama-wuri-zauna ne, bai taɓa ɓoye adawarsa da ƙasar Falasɗinu ba.

Akwai kuma abun da ba ya jiran zaɓe. Lokacin Oslo Yahudawan da ke matsugunan Yammacin Kogin Jordan ba su wuce 110,000 da ɗoriya ba, yanzu sun kai kusan rabin miliyan ban da na gabashin Ƙudus, kuma adadin ya ƙaru a ƙarƙashin Leba da Kadima da Likud duka. Su suna zaɓen Knesset, Bafalasɗinen da ke ƙauyen da ke kallonsu ba ya yi. Saudiyya dai ta ce ba za ta ƙulla hulɗa ba sai an ga hanyar kafa ƙasar Falasɗinu, Birtaniya da Faransa da Kanada da Ostireliya sun amince da ƙasar a Satumban 2025, tsagaita wutar Oktoban 2025 kuma matsin lambar Donald Trump ce ta kawo ta. Dan haka in sakamako ya fara fitowa, ni ƙasan jadawalin nake fara dubawa: wace ƙaramar jam'iyya ce ta tsallake 3.25, jam'iyyun Larabawa sun haɗe ne ko sun rabu, kujeru nawa Smotrich da Ben-Gvir suka samu, sannan ko akwai ɗan adawar da zai yarda ya cika 61 ɗinsa da Mansur Abbas bayan da yawansu sun fito sun ce ba za su sake dogaro da jam'iyyun Larabawa ba.