Bikin Kiɗa na Austin City Limits

Austin City Limits bikin kiɗa da waƙa ne da ake yi kowace kaka a filin shaƙatawa na Zilker, a birnin Austin, hedikwatar jihar Texas ta Amurka. An fara shi a watan Satumba na 2002, kwana biyu kacal. Sunan ya samo asali daga wani shirin talabijin na tashar PBS, wanda aka ɗauki fitowarsa ta gwaji a 1974 tare da mawaƙi Willie Nelson. Kiɗan rok ne ƙashin bayan bikin, ko da yake ana gayyato masu hip-hop da kiɗan karkarar Amurka. Pearl Jam sun yi wasa a 2009 da 2014, Radiohead a 2016, Paul McCartney da Metallica a 2018.

Kamfanin C3 Presents ke shirya shi, kuma Live Nation, wani kamfanin shirya wasannin kiɗa, ya sayi mafi yawan hannun jarin C3 a 2014. Tun 2013 ake yin bikin a ƙarshen mako biyu a jere cikin Oktoba, daga Juma'a zuwa Lahadi. Filin yana ɗaukar kimanin mutum 75,000 a rana.

Tsarin fili da sauti

Ana kafa dandamali da yawa, manyan biyu a gefe da gefe na filin, nesa da juna. Dandamalin da ke makwabtaka ba sa wasa lokaci guda: ɗaya na kiɗa, ɗayan kuma ma'aikata na sauke kayan waɗanda suka gama, suna jona wayoyi, suna gwada makirfo. In wata ƙungiya ta zarce lokacinta, sai sauti ya haɗe, jadawalin yinin ya rikice, alhali dole a tashi da misalin ƙarfe 10 na dare saboda unguwannin da ke kewaye.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Shi ya sa ake kafa ƙarin lasifikoki a tsakiyar taro, a jinkirta sautinsu kaɗan domin ya iso kunne tare da na dandamali. In ba a daidaita ba, na baya sai su ji bugun ganga sau biyu. Kusa da dandamali ƙarar kan wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, abin da ke iya lahanta ji cikin mintuna, don haka toshin kunne ya zama dole, musamman ga yara.

Yanayi da ƙasa

Tarihin bikin kusan duka kokawa ce da rana da ruwan sama. A ranar ƙarshe ta bikin 2005, cikin Satumba, zafi ya kai digiri 42 a ma'aunin Salshiyas. Ciyawa ta mutu ƙarƙashin ƙafafu, ƙura ta turnuƙe, mutane suka riƙa ɗaure hanci da ƙyalle. Bayan haka aka gyara filin, aka dasa sabuwar ciyawa tare da bututun ban ruwa.

Sai 2009 ta zo da akasin haka. Ruwa ya sauka, takun dubban mutane ya dame sabuwar ciyawar da takin da ke ƙarƙashinta, wanda birnin ke haɗawa daga tataccen dagwalon masai da ganyaye, fili ya koma taɓo mai wari. A 2013 kuma ruwan dare ɗaya ya jawo ambaliya, aka soke ranar Lahadi ta ƙarshe ɗungurum. Matsar da bikin zuwa Oktoba ya rage zafi, amma bai kawar da haɗarin ruwa ba, domin watan yana cikin masu yawan ruwa a Austin. Annobar korona ta hana taruwa a 2020.

Shiga da fita

Tikitin awarwaro ne mai ɗauke da na'ura, da shi ake shiga, ana kuma iya biyan kuɗin abinci da shi. Babu wurin ajiye motocin 'yan kallo a filin. Ana zuwa da bas ɗin bikin daga tsakiyar gari, ko keke, ko a ƙafa ta bakin tafkin Lady Bird. Ana shiga da gorar ruwa babu komai a ciki, a cika ta kyauta a famfunan ciki. Wani kaso na kuɗin shiga yana zuwa gidauniyar Austin Parks Foundation mai kula da filayen shaƙatawa na birnin, kuma bayan kowane biki akan rufe babban filin na wani lokaci har ciyawa ta farfaɗo.